Kason Minti Biyu

Ni dai har yau ban ga abin da mutane suke gani a wasan gora na kan ƙanƙara ba. Ƙarti ne majiya ƙarfi, sun ɗaura ƙarfe mai kaifi a ƙasan takalmi, kowa da sandarsa, suna bin wani ɗan baƙin abu da ido ba ya kamawa. In ka ƙifta ido an ci. In ka tambayi wa ya ci, sai an maimaita maka hoton a hankali, kuma ko a nan sai ka lalubo. In suka cire hular kwano suka yi dariya, rabin bakin giɓi ne. Duk da haka, in na bi ta gaban wani shago na hango shi a tele, sai na tsaya, har mutane su riƙa kauce mini. Wani hunturu da Inna ta yi a gidanmu shi ya jawo mini wannan.

Lokacin muna zaune a Vaulx-en-Velin, can saman bene. Ni ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin Lyon, in hau bas sannan in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Maigidana yana koyar da lissafi. 'Yarmu ɗaya ce, a nan aka haife ta, tana aji huɗu a firamare. Hausa kam tana ji sarai. In na ce ta ɗauko mini ludayi ba ta ɗauko cokali, in na yi gulmar wani da babanta sai in ga kunnenta ya miƙe. Amma ta buɗe baki ta mayar da Hausa, wannan kuwa ta rantse.

Da ba haka take ba. Tana ƙarama tana gwarancinta, muna jin daɗi. Sai muka je bikin suna a Paris, gidan yayar maigidana a Clichy-sous-Bois, wadda duk muke kira Hajiya. Falo cike da mata, ana ta hira, yarinyar nan ta leƙa bayan tele ta dawo da gudu, ita a dole ta kawo labari mai amfani, ta ce, "Gwaggo, akwai kura a bayan tele!" Ƙura take nufi. Harshenta bai iya ɗaure wannan harafin ba. Falon ya kece da dariya, wata har da faɗuwa kan kujera, Hajiya tana cewa a kawo sanda a kori kura. Daga ranar suka sa mata suna Mai Kura. Ba da mugunta suka yi ba, na sani. Amma a jirgin komawa Lyon ta ce mini da Faransanci ba za ta ƙara ba, kuma ba ta ƙara ba.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na hana kallon tele, na yi alkawarin keke. Ni ba haƙuri ne da ni ba, kowa ya san wannan. In na sayi kati na kira Maraɗi, Inna ta jero mata doguwar gaisuwa tun daga kwana har zuwa makaranta, sai yarinya ta ce "oui, oui", ta miƙo mini waya kamar ta riƙe garwashi. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ni da na bar gida na zo neman ilimi, ga shi na haifi ɗiyar da ba za ta iya gaida uwata ba.

Sai gwiwar Inna ta matsa, muka yi ɗawainiyar takardu ta zo a yi mata aiki. Ta sauka cikin tsananin sanyi, ta dubi sama ta ce wannan gari ba su da rana ne. Bayan aikin likita ya ce ta riƙa ɗan takawa da sanda a cikin gida, amma ban da fita. Ita da jikarta suna ɗaki ɗaya, gado yana kallon gado, amma tsakaninsu sai murmushi da nuni da hannu. Inna ta tsokane ta, ta kira ta ƙawata, ta ce ta cinye mata abinci, ta ce za ta ƙwace gadon. Yarinya ta gane duka, ta yi dariya, ta yi gum.

Wata ranar Lahadi ina yi wa Inna kitso, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke." Haka take kirana, don ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kama sunana ba. "Ban son in koma ban ji muryar jikata ba. Wagga da nika ji, muryar Nasara ce. Tata ban ji ta ba tukuna." Na ce za ta yi, Inna, kunya ce. Ta ce, "Kunyar mi? Ni kam kwanana ƙidayayye ne a garin ga." Na ci gaba da kitso.

Da rana duk muna fita, sai mu bar mata tele a kunne don ya ɗebe mata kewa. Ba ta son shi. Ta ce mutanen ciki ba su da aiki sai zama kan kujera suna surutu. Faransancinta kuwa bai wuce kalmomin da za a ƙirga da yatsu ba: gaisuwa, godiya, allura, da kalmar kurkuku, wadda mu a gida muke cewa kaso. Ƙwallon ƙafa ma da maigidana yake mutuwa a kai bai burge ta ba. Ta ce fili ya yi girma, mutane sun yi ƙanana, kuma a yi ta gudu har a tashi ba wanda ya ci.

Ana nan sai aka fara wasannin hunturu na duniya, tele ya cika da dusar ƙanƙara safe da yamma. Na dawo daga aiki wata yamma na tarar da Inna ta matso da kujera dab da gilashi, ta riƙe haɓa.

"Ke, zo ki gani. Wanga hili duka ƙanƙara ce?"

Na ce ƙanƙara ce.

"Irin wadda muka saye da azumi?"

Na ce ita ce dai.

Ta yi salati. A Maraɗi in azumi ya faɗo cikin bazara, ɗan guntun ƙanƙara ake nannaɗewa a buhu a rugo da shi gida kafin ya narke. Ga wasu an shimfiɗa musu ita fili guda suna tattakawa da takalmi, har da tofa yawu a kai. Ta ce Allah ba zai bar su ba. Amma ba ta tashi daga gaban tele ɗin ba.

Kafin kwana uku ta raɗa wa kome suna. Ɗan baƙin abin nan mai faɗi da suke bugawa, ta ce daddawa ce. Mai tsaron raga, da yake ya sha ɗauri hannu da ƙafa, ya zama Mai Katifa. Motar da take fitowa lokacin hutu tana goge filin ya koma sumul, ita ce motar daɓe, kuma ita ta fi so a duk wasan. Ta ce da suna da irinta lokacin da suke daɓen ɗakin amare, da bayansu bai lalace ba. In 'yan wasa suka tsallake katanga wasu suka shigo ana tsakiyar wasa, sai ta ce, "Dube su, awaki." Ranar da aka nuna wasan mata ba ta gane ba sai da ta hango gashi yana leƙowa ƙarƙashin hula. Ta ce waɗannan ɗiyan mutunci ne, sun rufe jikinsu ruf, ba kamar masu rawa a kan ƙanƙarar nan da ɗan kamfai ba.

'Yata kuwa ashe ta san wasan ciki da waje. Makarantarsu tana kai su koyon sulu a kan ƙanƙara, kuma wata ƙawarta 'yar ajinsu tana bugawa. Sai ta riƙa ajiye jakar makaranta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Inna. Kowa yana ihunsa da harshensa. Maigidana ya ga an ƙwace masa tele, ya kwashi takaicinsa ya koma kallon ƙwallonsa gidan wani abokinsa. Ni kuma ina kicin ina mita, don ƙarar sandunan nan da kiɗan da ake saki duk lokacin da aka tsaya suna sa mini ciwon kai.

Wata ranar Laraba, da yake ba makaranta, na dawo da wuri ina tuƙa tuwo. Ƙofar kicin ɗinmu rabinta gilashi ne, ina hango su. Sai alƙalin wasa ya busa, ya nuna wani saurayi, aka buɗe masa wani ɗan akurki na gilashi a gefen fili, ya shiga ya zauna ya sunkuyar da kai. A Faransanci kuwa sunan wurin nan kurkuku, haka masu sharhi suke faɗa ba wasa. Mai sharhi ya faɗi kalmar, kuma tana cikin 'yan kalmomin da Inna ta sani.

"Kaso?" in ji Inna. "Kaso yac ce? Sun kai yaron ga kaso?"

Ta ɗaga murya. "Ke! Zo ki ji. Ɗan mutane, daga wasa sai kaso? Wayyo uwar yaron ga. Tana can tana kallo, an rufe mata ɗa gaban duniya." Sai ta fara jan carbi tana roƙa masa mafita, muryarta har rawa take yi.

Na ɗaga murfin tukunya zan amsa, sai tuwo ya yi tsalle ya ƙone ni a hannu. Ina tsaye ina hura wurin, na ji wata 'yar murya can ƙasa-ƙasa.

"Kaka. Ba kaso gaskiya ba."

Na daskare da muciya a hannu.

"Minti biyu. Shi zauna. Shi hita."

Abin da ya fi ba ni mamaki, Inna ko juyowa ba ta yi ba. Ba ta yi guɗa ba, ba ta rungume ta ba, ba ta kira ni in zo in ji ba. Idonta yana kan tele ta ce, "To mi yay yi?"

Ina jin yarinyar tana lalube.

"Ya ja kafa. Da sanda."

"Ɗan banza," in ji Inna. "Ashe da gaskiyarsu. To wancan mai jan riga hwa, shi ba a kama shi?"

"Shi bai yi komi."

Na koma jikin bango inda ba su ganina, na yi kukana, tuwo ya kama a ƙasa. Ranar mun ci shi da ƙauri, maigidana yana tambayar ko lafiya, na ce ya ci kawai.

Daga nan bakin ya buɗe, amma a gaban tele kaɗai, kuma da Inna kaɗai. In na shigo falo sai ta koma Faransanci. Na koyi zama a kicin. Daga can na ji Inna tana faɗa ranar da wata ƙungiya ta fitar da Mai Katifa ana dab da tashi, suka bar raga wayam. Ta ce wane irin maigida ne zai bar ƙofa buɗe ya tafi kasuwa. Yarinya ta yi ta fama ta bayyana mata dabara ce, kalmomi suna ƙare mata tana cikawa da hannu. Aka kuwa zura musu daddawa a ragar, Inna ta ce, "Na hwaɗi." Abin da ya fi kwanta mata a rai shi ne ƙarshen wasa, in waɗanda suka gama gwara juna da katanga suka yi layi suna musafaha ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a wannan kam sun fi mu, mu da ake gaba shekara da shekaru a kan akuya ta ci danga.

Ana cikin haka Hajiya ta zo daga Paris duba Inna, da jaka cike da kifi da naman rago daga kasuwar Rungis inda Alhajinta yake aiki. Bayan an gama gaisuwar surukai, an ci an sha, aka zauna kallo. Wasa ya yi zafi, yarinya ta manta da akwai baƙuwa, ta miƙe tana ihu, "Kaka, dubi, dubi, ya buge shi, za a kai shi kaso!"

Hajiya ta tafa hannu. "A'a! Yau ga Mai Kura da magana! Ina kurar taki, tana nan bayan tele?" Ta ƙyalƙyale da dariya.

Na ga fuskar 'yata ta rufe. Ta juya za ta shige ɗaki. Ni kuwa maganar da ta taso mini, da ta fito, da har yau ba ma gaisawa da dangin mijina. Inna ta riga ni. Ta ɗaga sandar asibitinta ta tare wa yarinyar hanya, sannan ta juya sandar ta nuna Hajiya.

"Hajiya, kin yi laihi. Kaso. Minti biyu."

Hajiya ta dube ta, ta dube ni. Tsakanin surukai akwai kunya mai nauyi, kuma Inna ba mai wasa da surukai ba ce. Sandar ta koma ta nuna ƙofar kicin. "Tashi. Ke kuma ƙawata, riƙe agogo, kar ki rage mata ko kaɗan."

Allah ya saka wa Hajiya da alheri, mace ce mai wayo. Ta tattara mayafinta, da jikinta da kome, ta shiga kicin ta ja ƙofa, ta tsaya bayan gilashi ta sunkuyar da kai yadda ta ga suna yi. Yarinya ta tsaya tsakiyar falo da agogon babanta a hannu, ba ta san ko ta yi kuka ko ta yi dariya ba. Da lokaci ya cika ta je ta buɗe ƙofar ta ce, "Gwaggo, hito. Ya kare."

Ya ƙare take nufi. Daga kura mun koma kare. Na ga Hajiya ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Maigidana ya kafa wa silin ido. Sai yarinyar ta ji abin da ta faɗa da kunnenta, ta ce, "Kare!" ta yi haushi sau biyu, ta faɗi kan kujera tana dariya. Sai a lokacin muka saki tamu.

Da wasannin suka ƙare na tsorata, na ɗauka shirun zai dawo. Maigidana ya naɗi wasu a kaset, suka yi ta maimaita su har hoton ya fara rawa. Amma kafin nan hirar ta riga ta bar gaban tele. Ta bi su ɗaki, inda yarinya take shafa wa Inna man kaɗanya a gwiwa, Inna tana ba ta labarin 'yan unguwarmu, wa ya auri wa, wa ya gudu da kuɗin adashi. Wata safiya tana ɗaura takalmi za ta makaranta ta ce mini, "Mama, na tahi lakkwal," ta fice kafin in ɗago.

Da lokacin komawar Inna ya yi, muka raka ta Paris a jirgin ƙasa, don daga can jirginta zai tashi. Yarinya ta yi barci a kan cinyarta. Na ce, "Inna, Allah ne ya taimake mu da kika tsorata ranar nan da aka rufe yaron nan."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina ƙarama in na faɗi shirme. "Kin ɗauke ni mahaukaciya? Kullum in kunka hita ina kallo ni ɗaya. Na ga suna shiga suna hita kamar masu zuwa kewaye. Ke baki gare ki, ba ki da dabara." Ta gyara wa yarinyar kai. "Kuma wasan banza ne. Ni tun da anka hwara ban taɓa ganin daddawar ba."

Inna ba ta sake zuwa ba. Mun je mata hutu 'yan lokuta, sauran kuwa waya ce. Da kira ya yi arha, sai ya zama su biyu suke hirarsu, ni sai dai a ce a gaishe ni. Mun canja tele, mun sami tashoshi fiye da yadda mutum zai iya kallo, kowa ya koma kallon nasa a waya, falon ya yi shiru. Yarinya ta girma ta tafi jami'a a Paris. A can ɗaliban da suka zo daga Yamai suka riƙa tsokanar ta, wai Hausarta ta tsofaffin ƙauye ce, budurwa da wandon jins tana magana kamar mai jikoki. Ta ce musu eh, a wurin tsohuwa ta koya, in da mai ƙorafi ya zo.

Rasuwar Inna ta same ni da safe ina shirin fita aiki. Kafin in gama neman tikiti an riga an kai ta. Sai muka yi zaman makoki a nan gida. 'Yata ta hawo jirgin ƙasa daga Paris ta iso da azahar, ta ajiye jaka, ta ɗaura zane, ta ce in shiga ciki in zauna, ita za ta tari mutane.

Ina ɗaki tare da Hajiya da wasu mata, kaina a ƙasa, ba na gane masu shiga da fita. Aka danna ƙararrawa, aka buɗe ƙofa. Sai na ji daga zaure, a hankali, ana jan kowace kalma, "Maraba, maraba. Ku iso daga ciki. Kun sha hanya. Ina gajiya? Yaya ɗiya, yaya mutan gida? To madalla, madalla. Haƙuri mun gode Allah. Iye. Iye. Ku zamna nan, bari in kira muku ita."

Har da ɗan numfashin nan da Inna take ja kafin madalla ta biyu. Na miƙe, zanena yana warwarewa, na ture hannun Hajiya. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna 'yata ce.